Za'atar: Yadda Za Ka Yawaita Shi a Gida

A ƙasashen Siriya, Labanan, Falasɗinu da Urdun akwai wani ɗan tsiro da ke fitowa a tsakanin duwatsu, inda ƙasa ba ta riƙe ruwa. Mutanen can suna ce da shi za'atar. Ganyensa ƙanana ne, toka-toka, masu ɗan gashi, furensa kuma fari. In ka murza ganyen a hannu za ka tuna da ɗaɗɗoya da na'ana'a, gama danginsu ɗaya ne. Masana da yawa suna ganin shi ne tsiron da Isra'ilawa suka shafa jini da shi a ƙofofinsu a Masar, a Littafin Fitowa sura 12.

Sukan shanya ganyen, su daka da riɗi da gishiri da wani gari mai tsami, su ci da burodi da man zaitun. Sukan kuma dafa shi kamar shayi don mura da kumburin ciki. Saboda yawan tsinka ya fara ƙarewa a jeji, har a 1977 gwamnatin Isra'ila ta hana tsinkar na daji. Yau mutane da yawa a can a gona da bayan ɗaki suke shuka shi.

Ana iya shuka irinsa, amma ban cika ba da wannan shawara ba. Irin ƙanana ne ƙwarai, in ka binne shi da zurfi ba zai fito ba, kuma wanda ya fito ba lalle ya yi ƙanshin uwarsa ba. Reshe ya fi. Reshen da ka yanka daga tsiro mai ƙanshi, shi ma mai ƙanshi zai zama.

Da sassafe ka zaɓi reshe mai lafiya wanda bai yi fure ba, ba ɗanye sharaf ba, ba kuma wanda ya zama itace ba. Ka yanka da reza mai tsabta a ƙarƙashin gaɓa, tsawon babban yatsanka na tsakiya, wato wajen santimita 8 zuwa 10. Ka cire ganyen ƙasa, ka bar huɗu ko shida a sama. Ka sami tsohuwar tukunya ko gwangwani, ka huda gindin, ka cika da yashi rabi, ƙasa rabi. Ka soka reshen har gaɓa biyu su nutse, gama daga gaɓa saiwa take fitowa. Ka dasa biyar ko shida, don ba duka za su kama ba. Sai ka ajiye a inuwa mai haske.

A nan ne yawancinmu muke kuskure. Mun saba da alayyafo da tumatir masu son ruwa safe da yamma. Za'atar ɗan dutse ne. Na farkon da na dasa, ni da kaina na kashe su da ban ruwa: gindin ya yi baƙi, ya ruɓe cikin mako guda. Ka taɓa ƙasar da yatsa tukuna. In da laima, ka bari sai gobe. Bayan mako uku ko huɗu za ka ga sabon toho a sama, alamar saiwa ta kama ke nan. Daga nan ka riƙa fitar da shi rana kaɗan kaɗan.

In tsiron ya girma, akwai hanya mafi sauƙi. Ka lanƙwasa reshe ɗaya ƙasa ba tare da ka yanke shi ba, ka rufe tsakiyarsa da ƙasa, ka danne da ɗan dutse. In ya yi saiwa, ka raba shi da uwar.

A ƙasarsa ruwan sama da sanyi yake zuwa, lokacin zafi kuwa fari ne. A wurinmu ruwa da zafi tare suke zuwa, don haka damina ce abin tsoro. Ka bar shi a tukunya, in ruwa ya yi yawa ka jawo shi ƙarƙashin rumfa. Garin za'atar na kanti ba ya tsirowa, sai ka sami reshe ɗanye wurin mai shi. In ba ka samu ba, ɗaɗɗoya da na'ana'a ma haka ake dasa su, sai dai su sun fi son ruwa.

Ka yanki ganye kafin fure ya buɗe, ka shanya a inuwa, ba a rana ba, don kada ƙanshin ya gudu. Ƙaramin cokali ɗaya ya isa kofi guda na ruwan zafi. Yana sanyaya maƙogwaro, amma ba ya warkar da tarin fuka ko ciwon haƙarƙari. Mai juna biyu ta tsaya ga ɗan abin da ake sa wa a abinci. Jariri da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai, kada a ɗura masa. Tarin da ya wuce mako biyu, ko mai jini, ko yaro mai numfashi da sauri, ku kawo shi asibiti a duba.