Kurmin Sangha: Inda Giwa Ke Shuka Itatuwa

Mu da muka tashi a ƙasar gero da dawa, inda matafiyi ke hango gari tun daga nesa, ba mu san kurmi ba sai da muka nausa kudu maso gabashin Kamaru. Daga Bertuwa zuwa Yokaduma, daga nan zuwa Libongo, muna ta kaucewa manyan motoci ɗauke da gumagumai, sun nufi Duwala. A Libongo aikin mota ya ƙare, muka shiga kwalekwale a kogin Sangha, muka gaba da ruwa zuwa Bayanga a Afirka ta Tsakiya.

Kogin yana farawa ne a garin Nola, inda Mambere da Kadei suka haɗu, ya malala kudu har ya faɗa kogin Kwango. Ƙasashe uku, Kamaru da Afirka ta Tsakiya da Kwango Barazabil, kowace ta keɓe gandu a wannan yanki, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren gado na duniya.

Jagoranmu mutanen Aka ne, ƴan'uwan Baka na Kamaru. Suna karanta ƙasa kamar yadda ɗalibi ke karanta allo: karyayyen reshe ya gaya musu goggon biri ya wuce, kukan ƙudan zuma ya nuna musu itacen da za su hau. Da ganye matansu ke gina bukka, da raga suke farauta, maza da mata tare. Su suka bi da mu ta turbar giwaye har Dzanga, wani fili a tsakiyar kurmi inda giwaye gommai ke taruwa kullum suna tonon gishirin ƙasa da hanci, ga ɓauna, ga wata jar dabba mai ratsin fari da ake kira bongo.

Giwar kurmi ba ta kai ta sarari girma ba, amma ita ce manomiyar wannan daji. Takan haɗiye ƴaƴan manyan itatuwa, ta kai ƙwallon nesa, ta ajiye shi cikin kashinta, ya tsiro. Sai dai haihuwarta da nawa: macen takan kai kimanin shekara 23 kafin ɗan fari. Saboda haka asarar giwa ɗaya ba ta mayuwa da wuri. A watan Mayu na 2013 ƴan bindiga suka kashe aƙalla 26 a filin Dzanga saboda haure, a 2021 kuwa aka sa giwar kurmi cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa. In ta tafi, itacen ya rasa mai shuka shi, Aka kuma su rasa zuma da mai da magani.

Wannan lamari ya shafe mu, domin fatakenmu sun daɗe da zama a garuruwan kurmi, kuma akun da ke gaida baƙi a zaurukanmu daga irin waɗannan dazuzzuka ake kamo shi, da yawa su mutu a hanya. Tun 2017 aka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Mai tarko ba ya wahalar da kansa sai ya san akwai mai saye. Idan an kawo mana aku ko haure a kasuwa, mu tambayi inda ya fito kafin mu tambayi kuɗinsa.