Cuta Ta Warke, Suna Bai Warke Ba

Karatu: Markus 1:40-45 da 14:3



Kwanakin baya mun je gaisuwar mutuwa a wani ƙauye kusa da Kuki, cikin ƙasar Dutsin-Ma. Aka kawo fura a ƙwarya da ludayi ɗaya, in wannan ya sha sai ya miƙa wa na kusa da shi. Da ludayi ya kusa isowa wurin wani dattijo, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan kofinsa, ya ce a zuba masa a ciki. Ba wanda ya ce ya yi haka, ba kuwa wanda ya hana shi. Mu ma da muke zaune muka yi shiru. Dattijon nan mai bi ne, ya kuwa warke daga kuturta fiye da shekara ashirin. Abin da ya rage kawai shi ne yatsu biyu da suka dungule, da sunan da ake kiransa da shi a bayan idonsa.

Me ya sa mutumin da ya warke yake yawo da kofi a aljihu? Wani masanin zaman jama'a, Erving Goffman, ya rubuta littafi a kan irin wannan al'amari a 1963. Ya ɗauko wata kalmar Helenanci, sitigma, wadda asalinta tabo ne da ake tsagawa ko a ƙona a jikin bawa ko mai laifi, domin duk wanda ya gan shi ya kauce masa. Ya ce jama'a sukan ɗauki abu guda a jikin mutum ko a tarihinsa, su bar shi ya rufe dukan sauran. Manomi ne, uban 'ya'ya ne, mai gaskiya ne, amma da an ce "kuturu" sai duk waɗannan su ɓace. Ya kuma lura cewa mai tabo yakan koyi karanta fuskokin mutane. Kafin a janye masa hannu, shi ya riga ya ɓoye nasa cikin riga. Kafin a rasa yadda za a yi da ludayi, ya fito da kofi. Wato yana ɗauke wa masu lafiya kunya, yana ɗora wa kansa. Mu kuwa sai mu ce, "Ai shi ne ya fi son haka."

Tabon kuma ba ya tsayawa a kan mai shi. Yakan bi gida. Sau nawa maganar aure ta yi nisa, har an kai gaisuwa, sai wata gwaggo ta rada cewa kakar yarinyar ta taɓa zama a Babbar Ruga, shi ke nan magana ta mutu? Yarinyar ba ta taɓa ciwo ba, uwarta ma haka. Saboda wannan ne wanda ya ga tabo a fatarsa yakan rufe shi da riga shekara da shekaru, yana tsoron a gan shi a layin asibiti, har cutar ta ci jijiya. Tsoron sunan ne yake kawo dungun da ake gudu.

Bari mu faɗi abin da likitoci suka tabbatar. Ƙwayar cuta ce take kawo kuturta, wani likitan ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano ta a 1873. Ba gadonta ake yi ba, ba la'ana ba ce, cin kifi da nono kuma ba ya kawo ta. Takan bi numfashi, sai kuwa an daɗe ana zama kurkusa da wanda bai fara shan magani ba, yawancin mutane ma jikinsu ba ya karɓarta ko kaɗan. Gaisawa da hannu ko cin abinci tare ba ya sa a ɗauka. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna, wanda a yanzu ake sha wata 6 ko wata 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi. Wanda ya fara sha ya daina baza cutar. Yatsun ma ba cutar ce take cinye su kai tsaye ba: jijiya ce take mutuwa, mutum ya ƙone ko ƙaya ta soke shi bai ji ba, gyambo ya shiga.

Bahaushe da kansa ya san akwai son zuciya cikin wannan ƙyama, shi ya sa ya ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa. In akwai kuɗi, mai talla ba ta jin tsoron hannun.

Mu masu bi na ƙasar Katsina ya kamata mu fi kowa jin nauyin wannan magana. A 1937 mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, Babbar Ruga kuwa tana cikin wuraren. Waɗansu daga cikin iyayenmu a bangaskiya a can suka fara jin bishara, a can suka koyi karatu. Mun kuma san zafin suna. Wanene a cikinmu ba a taɓa ce masa arne ba, ko a ji sunansa a tambaye shi, "Kai Bahaushe ne kuwa?" Abin da ake yi mana a kasuwa yana yi mana ciwo, sa'an nan mu zo majami'a mu bar ɗan'uwanmu shi kaɗai a bencin baya.

Wani zai ce, ai Attaura ma ta ware kuturu. Gaskiya ne, Littafin Firistoci sura 13 ta sa shi zama a bayan zango. Sai dai kalmar Ibrananci da aka fassara da kuturta ta haɗa cututtukan fata iri iri, har da tabon da yakan fito a tufa da bangon ɗaki. Sa'an nan mutane sukan karanta sura 13 su tsallake sura 14. A can firist ne da kansa yake fita bayan zango ya duba mutumin, in ya warke a yi masa hidimar tsarkakewa, a rana ta takwas a tsai da shi a gaban Ubangiji a ƙofar alfarwa. Shari'ar da ta fitar da shi ta tanada masa ƙofar komowa, da rana tsaka, kowa yana gani. Mu mun riƙe fitarwar, ƙofar komowa kuwa ba mu gina ta ba.

Wannan ne ya sa a Markus sura 1 Yesu ya yi abu biyu. Ya miƙa hannu ya taɓa mutumin tun yana da cutarsa, alhali da magana kaɗai ma zai iya warkar da shi. Bayan haka ya aike shi wurin firist. Jikinsa ya riga ya warke, saura sunansa a gari, wannan kuwa sai jama'a sun shaida. A sura 14 kuma mun tarar da Ubangiji yana cin abinci a Betanya a gidan Saminu, wanda har a lokacin ana laƙaba masa kuturu. Da cutar tana jikinsa da wuya ya tara baƙi a gidansa, amma laƙabin ya manne masa. Kwana biyu kafin Idin Ƙetarewa, a kan teburin wannan mutum Yesu ya zauna.

Dattawan ikkilisiya, idan aka kawo muku maganar aure, wani ya ta da zancen kakar da ta yi jinya, ku kira ma'aikacin lafiya ya yi wa dangin biyu bayani kafin a yanke magana. Wanda kuma ya ga farin tabo ko ja-ja a jikinsa, ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa wurin ba ya ji, kada ya jira. Ya tafi asibitin gwamnati a Dutsin-Ma ko Kurfi ya nemi mai kula da tarin fuka da kuturta. In yana jin nauyin tafiya shi kaɗai, ya gaya wa fastonsa ko shugabar zumuntar mata su raka shi.

Mun yi alkawarin komawa ƙauyen nan bayan girbi. Mun aika wa dattijon cewa a gidansa za mu sauka, a dama mana fura, ludayi ɗaya ya ishe mu.