Babi na Huɗu: Kalmomin da Mai Nazarin Adabi Ke Bukata

Duk ɗalibin da ya zauna feɗe littafi ko waƙa, jigo za a fara tambayar sa, kuma a nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe. Jigo shi ne saƙon da marubuci yake son isarwa. Idan aka ce mene ne jigon *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai ka ji ɗalibi ya shiga zayyana yadda aka sace Umar yana yaro, aka keta sahara da shi. Wannan labarin ne kawai. Jigon kuwa shi ne cinikin bayi da yadda yake raba uwa da ɗanta, sai ƙananan jigogi irin su neman ilimi da haƙuri, waɗanda suke tallafa wa babban.

Daga jigo sai zubi da tsari, wato yadda aka gina aikin. A rubutacciyar waƙa, layi ɗaya shi ne ɗango, ɗangogi kuma su ke haɗuwa su ba da baiti. Baiti mai ɗango biyu ƙwar-biyu ake ce masa, mai biyar kuma ƙwar-biyar. Amsa-amo shi ne sautin da ƙarshen ɗango yake maimaitawa, kari kuwa ma'aunin da waƙar ke tafiya a kai, wanda malaman ƙarni na 19 suka aro daga arulin Larabci. Waƙar baka tana da nata kalmomin: a nazarin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ana cewa turke maimakon jigo, ana kuma maganar gindin waƙa da ɗiyanta.

Salo, a ganina, shi ne inda gwaninta take bayyana, domin marubuta goma za su iya ɗaukar jigo ɗaya amma kowa da irin bakinsa. A nan adon harshe yake shigowa. In ka ce jarumi kamar zaki yake, ka yi kamantawa; in ka ce jarumi zaki ne, siffantawa ke nan. In aka ce talauci ya shigo gari yana dukan mutane da sanda, an yi mutuntarwa, an ba abin da ba mutum ba halin mutum.

Ɗalibi, kada ka tsaya ga haddar ma'anoni. Ɗauki waƙa ɗaya da kake so, ka nemo kowace kalma daga cikin waɗannan a jikinta da kanka.