Hukuncin Cire Na'urar Numfashi Bayan Fashewar Jijiya A Ƙwaƙwalwa

Akwai wata cuta da takan kayar da mutum yana tsakar harkarsa, a kanti ko a ofis. Jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa takan yi rauni ta kumbura. Ran da ta fashe, sai matsanancin ciwon kai, sai suma. A asibiti a sa masa na'urar numfashi, bayan kwanaki likita ya tambayi matarsa: a ci gaba, ko a cire?

Mun ga wadda aka yi wa wannan tambaya, dangin miji suna cewa in ta yarda, ita ta kashe shi. Wannan magana ce ba da ilimi ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman cikin 1986, ta halatta cire na'urar idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki ɗungum, ba dawowa. Majalisar Rabiɗa a Makka, cikin 1987, ta sharɗanta likitoci uku, sa'an nan ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan cirewar. Da wannan muka fi natsuwa, domin daga lokacin ne takaba za ta soma, gado kuma ya tabbata.

Amma fa a lura. Wanda ya daɗe a sume alhali ƙwaƙwalwarsa ba ta mutu ba, rayayye ne. Ci da sha, da tsafta, da juya shi a shimfiɗa haƙƙinsa ne, ko da kuɗin asibiti sun soma cin jari. Sallolin da lokacinsu ya fita yana sume kuwa, a mazhabar Imamu Malik babu ramuwa a kansa in ya farfaɗo.