'Yar Tsana Ba Ta Magana, Ubangidanta Ne Ke Yi

Tun da wayar hannu ta shigo da wasannin ƙasashen nesa cikin zaurukan Sakkwato, mutane da dama sun ga ɗan barkwancin nan da kan ɗora 'yar tsana bisa cinya, yana tambayarta tana mayar masa da baƙar magana alhali bakinsa bai motsa ba, har waɗansu suka yanke hukuncin cewa lalle akwai aljani a cikin lamarin. Haƙiƙa babu sihiri a nan, babu tsafi. Fasaha ce ta harshe da numfashi, wadda akan shafe shekaru ana koyonta a gaban madubi.

Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san cewa kowane harafi yana da mafitarsa, kuma ba'un da mimun da wawun da fa'un sai da leɓe suke fita. To, waɗannan su ne abokan gabar mai wannan sana'a. Yakan ɗan buɗe baki, haƙora kusa da juna kamar mai murmushi, ya bar harshe yana aiki daga ciki. Idan ya zo kan "b" sai ya saki wata "d" mai taushi, "m" kuwa ya musanya ta da "n", yana mai dogaro da cewa kunnen mai sauraro zai gyara abin da ya ji. (Basakkwacen da ke cewa "tahi" maimakon "tafi" ya riga ya sami rangwamen harafi guda.) Sauran aikin na ido ne, domin muddin bakin tsanar yana buɗewa daidai da sautin, shi kuma gwanin ya juya yana dubanta tamkar mai mamakin rashin kunyarta, hankali zai jingina muryar ga abin da ke motsi.

Muna da makamancin wannan a wasan dabo-dabo na Barno da ƙasar Hausa, sai dai shi mai dabon ɓuya yake yi cikin babbar riga, yana ɗaga tsanoninsa ta sama, ba a ganin fuskarsa balle a tuhumi leɓensa.

Abin dariya, waɗansu mashahuran masu wasa da 'yar tsana a rediyo suka yi suna, inda babu mai ganin baki: Edgar Bergen a Amurka tun 1936, da Peter Brough wanda BBC ta fara watsa shirinsa a 1950. Talabijin ce ta zama musu alƙali, gama da Brough ya bayyana cikinta jama'a suka ga leɓensa na rawa, martabarsa ta ragu. Amma na'urar da ta tona asirin wani ita ce ta ɗaukaka wani. Terry Fator, mutumin Texas, bayan ya daɗe yana yawon wasa a ƙananan tarurruka ba tare da an san da zamansa ba, ya shiga gasar America's Got Talent a 2007, ya sa tsanoninsa suka rera waƙa da muryoyin fitattun mawaƙa, ya cinye dala miliyan 1, daga nan aka ba shi dandali nasa na kansa a Las Vegas. A 2017 kuma Darci Lynne, yarinya 'yar shekara 12, ta ci gasar da wannan fasaha.

A ganina rufe baki shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Babbansa shi ne mutum guda ya zama biyu masu saɓanin hali, ɗaya mai kamewa, ɗaya marar ta-ido, kuma a nan 'yan kamanmu ba su da abin koya daga kowa. Mai karatu, in ka sake cin karo da irin wannan wasa, ka ɗauke ido daga tsanar ka dubi maƙogwaron ubangidanta.