Wa Ya Huda Cikin Injin?

Ga kacici-kacici daga fadamun Kiyawa. Injin ban ruwa ne, mai ƙirar Honda GX160, irin wanda manoman rani suka saba da shi. Yana cikin aiki lafiya lau, sai ƙwas! Ya yi shiru. Aka duba, ga rami a gefensa, kuma daga ciki aka huda shi. To wa ya yi wannan aika-aika?

Makamin dai bai ɓuya ba. Konrod ne, sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, ya tsinke, guntunsa ya fasa bango. Amma me ya tsinka shi?

Kowa zai fara zargin baƙin mai. Da dalili: konrod ɗin na alminiyom ne, kai tsaye yake juyawa a kan karanshaf, da ɗan cokali a ƙasansa mai watsa mai. In mai ya ƙafe, sai ya narke ya manne. Aka buɗe. Mai na nan, wurin juyawar sumul. An wanke baƙin mai daga zargi.

Gurɓataccen fetur fa? Wannan yakan sa inji tari da mutuwa, amma ba ya karya ƙashi. Kayan jabu? Konrod ɗin da shi injin ya zo.

Saura wa?

Leƙa ƙarƙashin tanki. Ga wata 'yar waya. An ɗaure gwamna da ita.

Ga mai laifin, wayar nan! Gwamna shi ne na'urar da ke hana inji wuce juyi 3,600 a minti, wayar kuwa ta hana shi aikinsa, sai gudu ya wuce haka. Ko a wannan gudun, fistan na tsayawa cak ya juya sau 120 a daƙiƙa guda, kuma konrod ne ke fizgo shi. In gudu ya ninka biyu, fizgar ninkawa take sau huɗu. A juyi 5,000 ma ta kusa ninkawa biyu. Kuma ba fashewar fetur ke kisan ba, domin ita dannawa take, konrod kuwa yana jure danna. Lokacin da fistan ya kai ƙololuwa yana fitar da hayaƙi, ba abin da ke tare shi, sai ya ja sandar kamar zai tsinke ya fice. Alminiyom ƙarfe ne mai gajiya. Tsaga ƙanƙanuwa ta fara, tana tsawo a ɓoye, har ranar da ta gama aikinta.

Injinan ƙananan motocin wasa na tsere suna haura juyi 30,000 ba su fashe ba, domin fistansu ba nauyi, konrod ɗinsu kuma daga dunƙulen alminiyom mai ƙarfi aka sassaƙa shi, da zoben tagulla. Na fadama zubi ne, an yi shi don gudun da gwamna ya yarda.

Manomi, ƙarin ruwan da wayar nan ke ba ka, da ran injinka kake biya. Kwance ta tun albasa ba ta ji ƙishi ba.