Lambu Cikin Kwalba

Mutanen Kongolam da sauran garuruwan arewacin Daura sun san halin rani. Damina wata huɗu ce, daga nan sai iska da rana. Ƙasarmu kuwa jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Mutum ya shuka ɗan itace, ya yi ta wahalar ban ruwa, ya wayi gari ya bushe. To, akwai dabarar renon iri da ruwa kaɗan, watau shuka cikin rufaffiyar kwalba.

Wani likita na birnin Landan, mai suna Nathaniel Ward, shi ya gano wannan a 1829. Ya ga tsiro ya fito cikin kwalbar da ya rufe, yana girma ba mai ba shi ruwa. A 1833 ya aika da tsire-tsire Ostireliya cikin akwatunan gilashi. Suka yi watanni bisa teku, suka isa da ransu.

Ga asirin abin. Ku dubi murfin tukunya, yadda tururi ke taruwa jikinsa ya ɗigo. Haka nan cikin kwalba. Ɗumi ya ta da ruwa daga ƙasa, ya taru jikin gilashi kamar raɓa, ya gangaro ya koma wurin saiwa.

Ga kayan da za ku nema:

1. Kwalba. A sami mai faɗin baki, wadda hannu zai shiga, mai murfi. Ta zama fara garau, don tsiro ba ya rayuwa sai da haske. Babban goran roba na ruwan sha ma ya yi, a yanke shi biyu, a kifa na sama bisa na ƙasa. Kada a ɗauki wanda aka zuba kananzir ko maganin ƙwari.

2. Tsakuwa. A wanke ta, a zuba kamar kaurin yatsa biyu. Kwalba ba ta da huji, nan rarar ruwa za ta kwanta, kada saiwa ta ruɓe.

3. Gawayi. A farfasa shi ƙanana, a barbaɗa bisa tsakuwa. Yana rage wari. Ban da toka.

4. Ƙasa. A haɗa rairayi kashi biyu, baƙar ƙasar gindin itace kashi biyu, tsohon taki kashi ɗaya, a tankaɗe. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙone saiwa. Laka kuwa tana danƙarewa. A zuba kamar kaurin yatsa huɗu.

5. Iri. 'Ya'yan lemun tsami ko na gwaba, ko ɗan reshen lalle. Zogale da aduwa ba su son laima mai yawa, a bar su waje.

In an shuka, a yayyafa ruwa har ƙasa ta jiƙe, amma kada ya kwanta. A rufe, a ajiye a inuwa mai haske, kamar bakin zaure. Kada a sa ta tsakar rana, tsiron zai dahu. In raɓa ta rufe kwalba duka, ruwa ya yi yawa, a buɗe ta yini guda. In babu raɓa ko kaɗan, a ƙara cokali biyu.

Sa'ad da ganye ya kai huɗu ko shida, a riƙa buɗe murfi kullum har mako guda, don ya saba da iska. Sa'an nan a mai da shi cikin leda ko kasko. Damina na sauka a dasa, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da rarrafe yaro kan tashi.

Tambayoyi
1. Don me ake fara zuba tsakuwa?
2. Wane irin taki ne ba shi da kyau?
3. Me zai faru in an bar kwalba a rana?